Keke mai giya ɗaya: haƙora nawa a gaba, nawa a baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jos. Na sayi keken gwanjo mai siririyar taya, giyarsa ɗaya ce. Wilin baya zare biyu gare shi, gefe guda na firiwil, mai barin feda ta huta keke yana tafiya, ɗaya gefen kuma na kafaffen faranti, irin wanda feda ba ta hutawa muddin keke yana tafiya. Na ƙirga haƙora na samu 48 a gaba, 16 a baya, kowane gefe. A kan kwalta mai shimfiɗa yana gudu, amma duk hawan da na tarar sai na sauka na tura, ga gwiwata ta dama ta fara ciwo. Ranar Asabar nakan bi burji da 'yan turbobi zuwa ƙauyenmu. Wane haɗi ne ya dace da ni, kuma akwai guda ɗaya da zai yi mini aikin gari da na daji?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kekenka lafiyarsa ƙalau, ƙafarka ma haka. Giyar ce ta yi maka nauyi. Haɗin 48 da 16 na mai zama a gari ne marar tudu, wanda ya ɗaura shi bai san hawan Jos ba. In sauri kake yi, ga abin da zan sa da a ce keken nawa ne: in bar 48 a gaba, in sa kafaffen faranti mai haƙora 19 a gefe guda, firiwil mai 22 a ɗaya gefen, in sayi sabuwar kaca tun da tsohuwar ba za ta kai ba, in tabbatar birkin gaba da na baya duk suna ci. Amma ka daure ka karanta dalilan, domin ƙarfinka da nauyinka da hanyarka kai ka san su, kuma da lissafin a hannunka ba sai ka sake tambayar kowa ba.

Lissafin ba shi da wuya. Ka raba haƙoran gaba da na baya, abin da ya fito shi ne yawan juyin da wilin baya ke yi a zagaye ɗaya na feda. Naka 48 a raba da 16, uku ke nan cif. Sai ka san nisan da tayarka ke ci a juyi guda. Ka jawo keken har bakin shan iska ya zo ƙasa sosai, ka yi zane a ƙasa da alli ko tsinke, ka tura shi miƙe har bakin ya sake dawowa ƙasa, ka sake zane, ka auna tsakani da tef ɗin tela. Siririyar taya irin taka, wadda aka rubuta 700 a gefenta, za ta ba ka mita 2.1 da ɗan ɗoriya. Uku sau 2.1, mita 6.3. Wato duk zagayen feda ɗaya sai ka tura kanka da keken da abin da ka ɗauko mita shida da wani abu, ko a gangara kake ko a kan tudu. Wannan adadi na mita shi nake so ka riƙe, don shi ne ke haɗa kekuna masu girman taya daban-daban a ma'auni ɗaya.

Yanzu ka dubi abin da ke faruwa da gwiwarka. Ƙafar mutum ta fi jin daɗin aiki idan tana zagaya feda kamar sau 70 zuwa 90 a minti. Da mita 6.3, sau 90 a minti yana nufin gudun kilomita 34 a awa, gudun da ba kowa ke iya riƙewa ba ko da na minti goma ne, balle a cikin gari da 'yan Keke Napep ke tsayawa a gabanka ba sigina. A kan tudu kuwa, inda gudunka ke sauka zuwa kilomita 10 a awa, fedarka sau 26 kacal take zagayawa a minti. Wannan ba tuƙi ba ne kuma, ɗaga nauyi ne da ƙafa ɗai-ɗai, kuma duk nauyin a kan ƙoƙon gwiwa yake sauka. Ka duba tsayin sirdinka ma, don sirdin da ya yi ƙasa yana ƙara wa gwiwa wahala: idan ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkace ba. In ka sassauta giya ka gyara sirdi, mako biyu ko uku suka wuce ciwon bai lafa ba, ko ka ga kumburi, ka je asibiti, wannan ya wuce aikin mai sifana.

Ga gaskiyar da masu sayar da irin wannan keke ba sa faɗa. Mai giya ɗaya dole ya yi asara a wani wuri, zaɓinsa kawai shi ne inda zai yi asarar. Giya mai nauyi tana biyanka a shimfiɗa ta ci bashinka a hawa. Mai sauƙi tana haurar da kai tudu kana zaune, amma a miƙaƙƙiyar kwalta ƙafarka za ta yi ta wulwulawa kamar fanka, yaro mai keken Japan ya zo ya wuce ka. Ni ra'ayina a kan wannan ba ya canzawa: ka yi asarar a shimfiɗa. Wanda giyarsa ta yi sauƙi minti uku ko biyar zai makara, wanda tasa ta yi nauyi gwiwa yake kashewa. Kuma kada ka auna da ranar da ka tashi da ƙarfi ka sha koko da ƙosai. Ka auna da yammacin da ka taso aiki a gajiye, ko la'asar ɗin azumi, ko safiyar hunturu da iska ke dukan ƙirjinka, don iskar gaba tudu ce da ido ba ya gani.

Idan ka shiga karatu a intanet za ka ga ana cewa giya mai inci 70 ko inci 52, kada ya ruɗa ka. Tsohon ma'auni ne da aka gada daga kekunan shekarun 1870 da 1880, masu ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar mitsitsiya a baya. Su ba su da kaca, feda a jikin ƙafar gaba take, saboda haka girman ƙafar shi ne giyar. Da kaca ta zo sai aka ci gaba da faɗin giya da faɗin ƙafar da za ta yi daidai da ita. Ana ɗaukar faɗin wili da inci a ninka da abin da rabon haƙora ya bayar. Ga wili irin naka akan ɗauki 27, don haka kai inci 81 kake takawa. Don ka gane inda ka tsaya: a Ingila akwai tsohuwar gasar gudu da aka ƙayyade wa giya kada ta wuce inci 72, wato 48/18, kuma 'yan tsere ne ke shigarta. Eddy Merckx, gwanin tseren keke ɗan Beljiyam, da ya yi kilomita 49.431 cikin awa guda a birnin Meziko a 1972, da 52/14 ya yi, wajen inci 100, a fili mai santsi ba tudu ba rami, yana zagaya feda fiye da sau 100 a minti. Kai da ke zuwa aiki da jaka a baya kana tsakanin 'yan tseren Ingila da Merckx, a kan tudun Jos. Ka ga ai tura keken da kake yi ba abin kunya ba ne.

Mu nan ba baƙi ba ne a harkar giya ɗaya. Raleigh da Phoenix da Hero da iyayenmu suka hau galibi giya ɗaya gare su, sai dai da firiwil. Tayarsu mai lamba 28 ta fi taka girma kaɗan, tana cin wajen mita 2.2 a juyi. Galibi za ka tarar da 44 ko 46 a gaba, 18 ko 20 a baya. Da 44/18 mita 5.4 ke nan, da 44/20 kuma ƙasa kaɗan da mita 5. Ka lura da masu ɗauko buhun gawayi ko damin itace ko jarkoki daga ƙauye, waɗanda keke ne abincinsu. Na sha ganin irinsu sun zo sun ce a cire musu 18 a sa 20 ko 22, ba su taɓa jin wani lissafin inci ba, cinyarsu ce ta yi musu lissafin. Samari ne ke zuwa neman 16, su ma bayan wata biyu sukan dawo.

Don kwalta, da taya irin taka, ga yadda nake kallon abin. A gari mai shimfiɗa kamar Kano ko Maiduguri, matashi mai lafiya zai ji daɗin mita 5.5 zuwa 5.7, wato irin su 48/18, 46/17 ko 42/16. A gari mai hawa da gangara irin naku, ko ga wanda ya fara manyanta, ko mai ɗaukar kaya, mita 5 zuwa 5.3 ya fi, irin su 48/19, 48/20 ko 42/17. Da 48/19 da na ce ka sa, sau 80 a minti zai ba ka kilomita 25 a awa, wanda ya ishi kowa a cikin gari. Hawan nan da kake yi da kilomita 10 a awa zai koma sau 31 a minti maimakon 26. A takarda bambancin kamar ba yawa, a ƙafa kuwa nauyin kowane taki ya ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari, kuma sau da yawa wannan ne tsakanin haurawa a tsaye kan feda da sauka a tura.

Me ya sa ban ce ka ƙara sauƙaƙa kafaffen gefen ba? Saboda gangara. Mai firiwil idan ya hau tudu ya gama biyan kuɗinsa, sai ya saki ƙafa keke ya gangara da shi. Mai kafaffe sau biyu yake biya, don feda tana juyawa da gudun wili ko yana so ko ba ya so. A gangarar da keke ya kai kilomita 45 a awa, da mita 5.3 ƙafarka za ta zagaya sau 141 a minti. Da mita 4.4 sau 170 ne, a nan kuwa sabon shiga tsalle yake fara yi a kan sirdi, ƙafa ta kuɓuce, feda ta riƙa dukan ƙaurinsa. Shi ya sa kafaffe yake da iyaka ta sama da ta ƙasa, a gari mai tudu kuma tsakaninsu ƙunci gare shi. Firiwil ba shi da wannan matsala, kana iya sassauta shi yadda ka ga dama.

Wajen canji, ka fara da baya. Haƙori ɗaya a baya, daga 16 zuwa 17, yana rage nauyi da kusan kashi 6 cikin ɗari. Haƙori ɗaya a gaba, daga 48 zuwa 47, kashi 2 ne kawai. Ɗaya na baya ya yi uku na gaba, ga shi ya fi araha kuma ya fi sauƙin samu. Zaren firiwil na kekunan nan namu na gargajiya da na wilinka galibi iri ɗaya ne, don haka mai 18 ko 20 ko 22 da ke rataye a shagon kayan keke zai hau. Kafaffen mai 19 ne zai iya ba ka wahalar nema, wataƙila sai wajen masu kayan gwanjo ko ka yi oda. In bai samu ba, 18 ko 20 ka ɗauka, ni zan ɗauki 20. Idan ka ce farantin gaba za ka canza, sai ka fara auna tazarar kusoshinsa, don akwai mai da'irar milimita 144, akwai 130, akwai 110, kuma ba sa hawa gurbin juna. A wasu kekunan ma farantin a manne yake da hannun feda, ba ya fita sai dai a canza su tare.

Kaca ma iri biyu ce a wannan fanni. Tazarar kusoshinta ɗaya ce, rabin inci, amma faɗin ya bambanta: akwai mai faɗi ta 1/8, irin ta Phoenix, akwai siririya ta 3/32. Mai faɗin tana hawa kowane faranti, siririyar ba ta shiga haƙoran mai kauri. Tun da za ka haɗa firiwil na kasuwa da faranti na gwanjo, ka sayi mai faɗin ka huta.

Sai maganar juya wili, wadda ita ce amsar rabin tambayarka ta biyu. Dabarar tsohuwa ce. Kafin 1937, shekarar da aka yarda 'yan gasar tseren keke ta Tour de France su yi amfani da abin sauya giya, haka suke yi: su iso gindin dutse su sauka, su kwance wilin baya su juya shi zuwa babban faranti, in sun haura su sake juyawa. Kai ma ranar Asabar, inda kwalta ta ƙare, ka tsaya ka fito da sifana mai lamba 15, ka sassauta notuna biyu, ka zame kaca, ka juya wilin, minti uku ya ishe ka in hannu ya saba. Da 48/22 za ka koma mita 4.6, ga hutun ƙafa a gangara da kan gargada.

Amma akwai iyaka, kuma a nan mutane ke ɓarnar kuɗi. Kacar tsayinta ɗaya ne, don haka idan farantin baya ya ƙara girma dole wilin ya matso gaba a cikin tsagar da yake zaune. Kowane haƙori ɗaya yana matsar da sandar wilin wajen milimita 3. Daga 19 zuwa 22 haƙora uku ne, kusan santimita ɗaya. Ka duba tsagar firam ɗinka tun kafin ka sayi komai: in doguwa ce a kwance, za ta ɗauka, wasu har haƙora huɗu ko biyar. In gajeriya ce, ka tsaya a bambancin haƙora biyu. Sannan idan wili ya matsa, robar birkin baya tana iya daina fuskantar bakin rim, ta koma cin taya. Ka gwada gefen biyu a gida, ka matsa birki ka gani da idonka, kada sai a gangara ka gano. Wajen yanke kaca, ka yanke ta a kan babban farantin wili yana can gaba, ka ga ko ƙaramin zai samu wurin ja baya. In lissafin ya faɗa tsakiya, akwai rabin gaɓa da ake sayarwa, tana matsar da wili kamar milimita 6 maimakon 13 na cikakkiyar gaɓa.

Yanzu daji. A nan zan rarrabe maka, don burji daban turbar duwatsu daban. In hanyar ƙauyenku jar ƙasa ce da aka daddaɓe, da ɗan yashi nan da can, mita 4.4 zuwa 4.8 zai kai ka, kuma abin da zai fi taimakonka ma taya ce: ka sa mafi faɗin da firam ɗinka zai ɗauka, ka rage mata iska kaɗan. Ka tuna taya mai kauri tana ƙara nisan juyi, wato tana ƙara wa giya nauyi kaɗan, sai ka sake awon allin nan. In kuwa turba ce ta gaske, mai duwatsu da kwazazzabai da hawa mai tsini irin na wajen duwatsun Shere, to wannan keken ba nata ba ne ko wace giya ka sa masa. Can sai keken hawan dutse mai faffaɗar taya.

Masu hawan dutse da giya ɗaya suna da tsohuwar ƙa'ida ta biyu bisa ɗaya, 32 a gaba 16 a baya, a kan wili mai inci 26. Wannan mita 4.1 ne, inci 52. Da manyan wili masu inci 29 suka shigo, waɗanda ke cin wajen mita 2.3 a juyi, sai aka koma 32/18 don a samu kwatankwacin wancan, da yawa kuma suka sauka zuwa 32/20, wato mita 3.7. Ni ga sabon shiga a wuri mai tudu, 32/18 nake ba mai wili 26, 32/20 ga mai 29, in ya yi wata uku ya ji ƙafarsa ta fi ƙarfin giyar ya rage haƙori. Dalili shi ne a daji ba gudu ke kayar da mutum ba, tsayawa ce. Ka shiga yashi mai zurfi ko ka fito daga kwana ka tarar da hawa a gabanka, in giyar ta yi nauyi feda za ta ƙi juyawa, ka sa ƙafa a ƙasa, kuma tashi daga tsakiyar tudu ya fi komai wuya. Kuɗin da za ka biya shi ne a kwalta: da mita 3.7, ko ka zagaya sau 90 a minti kilomita 20 a awa za ka yi. Don haka haɗi ɗaya tak da zai gamsar da kai a kwalta da turbar duwatsu babu shi. Na kwalta da burji akwai, wajen mita 5, kuma a kowanne zai ɗan gaza.

Wani abin lura, 32/16 da 44/22 nauyinsu ɗaya ne a ƙafa. Manyan faranti sun fi daɗewa, don haƙora da yawa ne ke raba aikin kuma kaca ba ta shan ja sosai. Ƙananan sun fi nisa da ƙasa, ba sa dukan dutse ko kututture. Shi ya sa na kwalta ke da manya, na daji ke da ƙanana.

In kana da tsohon keken hawan dutse da abin sauya giyarsa ya lalace, mayar da shi giya ɗaya abu ne mai sauƙi, amma ka kiyaye abu biyu. Tsagar wilinsa a tsaye take, wili ba ya matsawa, don haka sai da abin ɗame kaca, kuma tsohon abin sauya giyar ma zai yi wannan aikin idan aka kafe shi a wuri ɗaya. Na biyu, kada ka yi amfani da faranti ɗaya daga cikin jerin na da. Haƙoransu gajeru ne, an sassaƙe su musamman don kaca ta riƙa zamewa zuwa na kusa, kuma za ta zame ɗin daidai lokacin da ka miƙe tsaye ka danna da ƙarfi. Ka nemi mai dogayen haƙora, ka jera shi ya yi saiti da na gaba. Ka tsuguna a bayan keken ka kalli kacar, ta tafi miƙe kamar zaren magini. Wannan dabarar ta abin ɗame kaca ta firiwil ce kawai. A kan kafaffe ba ta aiki, ranar da ka danne feda baya zai lanƙwashe ko ya karye.

Kafaffe a daji kuwa ban ba ka shawara ba. Akwai masu yi, kuma gwanaye ne, amma matsalar a fili take: ba ka da ikon tsayar da feda a kwance ka wuce dutse. In lokacin da ka iso kan dutsen fedar tana ƙasa, za ta doke shi, wilin baya ya ɗaga. Ko a kwalta haka ne a kwana mai tsanani, shi ya sa kekunan filin tsere ke da gajeren hannun feda, milimita 165 maimakon 170 ko 175.

Tun da za ka riƙa hawan kafaffen a gari, akwai abubuwan da ba na son ka koya da jini. Kafaffen faranti yana da zobe na biyu da ke kulle shi, zarensa na hagu ne, domin idan ka danne feda baya faranti ya nemi kwancewa sai zoben ya ƙara ɗaurewa. Gefen wilin da aka yi don haka zarensa hawa biyu ne, babba da ƙarami. Shekarun baya na bar wani keke nawa wajen wani mai gyara, ya ɗaura mini kafaffen a gefen firiwil, inda babu gurbin zoben, ya ce ya matse shi da guduma ba inda za shi. A wata gangara na danne baya don in rage gudu, sai na ji ƙafata ta tafi fayau babu komai a ƙarƙashinta, farantin ya kwance yana yawo. Birkin gaba ne ya cece ni, da wani tulin yashin gini a gefen hanya. Tun ranar ni nake ɗaure nawa: in matse faranti, in hau in taka da ƙarfi sau biyu ko uku, in sauko in sake matse zoben. Kuma duk wanda ya ce maka ƙwararru ba sa sa birki, ka ce masa su a fili suke zagaye inda babu akuya babu ɗan acaɓa. Kafaffe yana buƙatar na gaba aƙalla, firiwil kuwa dole biyu, don in ba su babu abin da zai tsayar da kai.

Tufafi ma abin dubawa ne a wurinmu. Keken firiwil in ya kama bakin wando, ka daina takawa ka ja baya ya sake ka. Kafaffe ba ya saki, zai naɗe wandon ko gefen kaftani ya ja ka ƙasa. Ka naɗe ƙafar wandon dama ko ka cusa ta cikin safa, kaftani kuma ka tattare shi. Haka yatsa: kada ka goge kaca da tsumma wili yana juyawa, kuma kada ka bar yara su yi wasa da feda keken yana kife.

Akwai wani ɗan lissafi da ya shafi masu tsayar da kafaffe ta hanyar kulle ƙafa taya ta ja ƙasa. Ƙafa a wuri ɗaya take kullewa kullum, don haka wuraren da taya ke gogar ƙasa ƙididdigaggu ne. Ka rage rabon haƙoran zuwa mafi ƙanƙanta, adadin ƙasa shi ne yawan wuraren. Naka 48/16 yana komawa 3 bisa 1, wuri ɗaya tak, taya za ta huje a nan sauran jikinta sabo fil. 48/18 wuri uku ne, 48/20 biyar. 48/19 ba ya raguwa, wuri 19 ke nan, kuma wannan na cikin abin da ya sa na zaɓe shi. In da birki kake tsayawa, kamar yadda nake fata, wannan bai dame ka ba.

Akwai wasu hanyoyin samun giya biyu ko uku ba tare da abin sauya giya na waje ba, in ka ci karo da su a gwanjo. Kamfanin Surly ya yi wani kafaffen faranti mai jeri biyu, kamar 17 da 19 ko 17 da 21, ana haɗa shi da faranti biyu a gaba waɗanda bambancinsu ya yi daidai da na bayan, ta yadda jimillar haƙora ba ta canzawa, wili ba ya matsawa, birki ba ya gocewa. Dabara ce mai kyau, sai dai siririyar kaca take so kuma samunta a nan sai an sha nema. Wanda ya fi kusa da hannu shi ne wili mai giya uku a cikin tulun tsakiyarsa, irin na Sturmey-Archer da ke kan wasu tsofaffin Raleigh, ko na Shimano da ke zuwa a kekunan Japan da Holan. A na Sturmey-Archer, ta tsakiya ita ce giyar farantinka, ta ƙasa tana rage kashi 25 cikin ɗari, ta sama tana ƙara kashi 33. Kaca ɗaya ce miƙaƙƙiya, ƙura ba ta shiga ciki sosai. Ya fita daga sahun giya ɗaya, gaskiya ne, amma ga mai ciwon gwiwa a gari mai tudu ba zan raina shi ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ari keke mai giya da yawa na kwana uku ko huɗu. Ka ƙirga haƙoransa, ka nemo haɗin da ya ba ka kusan mita 5.3, ka bi hanyar aikinka da shi ba tare da ka taɓa abin sauyawa ba ko sau ɗaya, har da tudun da ya fi ba ka tsoro. Ka ƙirga zagayen fedarka na daƙiƙa 15 ka ninka da huɗu, a shimfiɗa da kuma a hawa. In a hawan da kake bi kullum kana iya haurawa a tsaye ba tare da keken ya nemi tsayawa ba, a shimfiɗa kuma kana tsakanin 80 da 95, ka samu. Ranar Asabar ka maimaita da mita 4.6 a hanyar ƙauye. In ka yi shakka tsakanin haƙora biyu, ɗauki babban.

Idan ka ɗaura, kada ka ja kacar ta yi tsam kamar tsirkiya. Farantin gaba ba ya cika zama da'ira sosai, akwai inda kaca ke ɗamewa akwai inda take saki. Ka juya feda a hankali ka nemo inda ta fi ɗamewa, a nan ka bar mata wasan kusan santimita ɗaya sama da ƙasa. Baƙin mai na inji da ake zuba mata yana kama ƙurar burji ya zama kamar turmin niƙa, gara ɗan mai kaɗan a kowace gaɓa sannan a goge na waje tas. Lokaci-lokaci ka ɗora ruli a kanta: cikakkun gaɓoɓi 12, wato tazarar kusoshi 24, inci 12 ne daidai a sabuwa. In sun zarce da 1/16 na inci ka canza ta, in sun kai 1/8 to ta riga ta cinye haƙoran, sai ka haɗa da faranti. Mai 16 ɗin da ka cire kuma ka shafa masa giris ka ajiye, in wata rana aiki ya mayar da kai Kano zai yi maka amfani da faranti mai 42 ko 44 a gaba.